Kujerar da Ke Gefen Gadona

Salama gare ku, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a shafin nan ba, har wani ya rubuto yana tambaya ko kuɗi na yi na manta da mutane. Ban yi kuɗi ba. Ƙodata ce ta kusa kai ni lahira.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yakubu, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, Kirista, ɗan mai bishara. Shekara uku ina Riyad ina tuƙa motar raba ruwan gora a unguwar Ulaisha.

Mu huɗu ne a ɗaki, duk Hausawa. Babbanmu Malam Sani, direban tasi, dattijo mai faɗan tsiya. Ranar da na tare ya karɓi kwafin igamata, wato katin izinin zama, da lambar wayar gida, wai saboda halin rai. Haka yake yi wa kowa.

Ban taɓa gaya musu ni Kirista ne ba. Da sunana da Hausata ba mai kawo haka a ransa, ni kuma na ja bakina. Tsoro nake kada zaman ya canza. In lokacin salla ya yi sai in ce zan je duba mota.

Nan babu coci, Lahadi ma ranar aiki ce. Sujadata ita ce in sa waya a kunne cikin cunkoso ina sauraron wasiƙun manzanni da Hausa. Inda suke maganar zaman tsarki, ni na ɗauka cewa suke ka keɓe kanka, kada ka shiga harkar kowa. Haka na zauna kamar tulu a lungu.

Da azumi ya kama, ba a shan ruwa a fili, a ɗaki kuma ina jin nauyinsu. Su sun san yadda ake yi, suna da sahur da buɗa-baki. Ni ba azumi nake ba, ba kuma shan ruwa nake ba. Yini guda ina hawa bene da gora a kafaɗa, maƙogwarona a bushe.

Fitsarina ya fara komawa kalar shayi. Sai ciwo a kwiɓi. Na yi ta haɗiyar maganin ciwon jiki, har ranar da na zube gefen mota a unguwar Murabba da rana tsaka.

An ɗebi jini, an yi hoto, an sa mini robar fitsari. Likitan, ɗan Sudan ne, ya ce, "Ya akhi, tsakuwar ƙoda ta toshe hanyar fitsari, cuta ta shiga jini. Kai da kake raba ruwa, ba ka sha?"



Sau biyu aka yi mini wankin ƙoda kafin a yi aiki. Inshorar kamfani ta ɗauki asibiti, maganin bayan sallama kuwa aljihuna ya ji a jikinsa. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya kira sau ɗaya, tambayarsa yaushe zan koma aiki.

Ba ciwon ne ya fi damuna ba. Tambaya ce: in na mutu a nan, wa ya san irin addu'ar da za a yi mini? Wa ma ya san ko ni wane ne?

Ban gaya wa Mama ba. 'Yan ɗakinmu suka yi ta kira, na ƙi ɗauka. Balaraben gadon kusa da ni kullum da la'asar danginsa su cika wurin da gahawa da dabino. Kujerar gefen gadona kuwa ma'aikaciyar jinya ce take ɗora tire a kai.

Na koma wa wasiƙun nan. Sai a lokacin na lura ashe mutane irina aka rubuta wa, baƙi a garuruwan wasu, 'yan tsiraru, ana ce musu su jimre, su ƙarfafa juna. Ƙarshen wasiƙun ne ya karya ni, inda ake jera sunaye, a gai da wane, a gai da wance. Da can tsallakewa nake yi. Ranar na saurara har ƙarshe, na yi kuka kamar yaro. Mutanen nan sun jimre ne don akwai wanda ya san sunansu.

Rana ta tara sai ga Malam Sani da fulas ɗin kunu. Ya ture tiren, ya zauna.

"Sakarai kawai. Asibiti uku na zaga kafin mai kula da motocinku ya faɗa mani inda kake."

Hannuwana duka da allurar ƙarin ruwa, don haka shi ya kara mini wayarsa a kunne. Muryar Mama ce, bayanta matan zumunta na cocinmu. Ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Yakubu, muna gaishe ka cikin Ubangiji." Sai suka ɗauki waƙa.

Na kalle shi, don na san asirina ya tonu.

Ya ce, "Kallon me? Igamarka ai da Larabci aka rubuta addininka a jiki, kai ne ba ka iya karantawa ba. Tun ranar da ka zo muka sani. Mun ga ba ka son a tayar da zancen, muka ƙyale ka kana duba motarka sau biyar a rana. Ka ce amin mana, addu'a suke maka."

Na ce amin. Bai sauke hannunsa ba sai da waƙar ta ƙare.

Yau na warke, na koma aiki. Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Mama, da matan zumunta, da mutanen ɗakinmu da suka yi ta karɓa-karɓa a kan kujerar nan har aka sallame ni.

Masu aiki a rana, ku sha ruwa. Fitsari ya canza kala, a tafi asibiti ranar, ba gobe ba. Ku ba wani lambar gidanku. In aka kira ku, ku ɗauka.

Tsarkin da nake taƙama da shi, yawancinsa tsoro ne kawai. Shekara uku ina ɓuya wa mutanen da suka san ni sarai.

Yanzu in an kira salla ba na zuwa duba mota. Gefe nake matsawa in ba su wurin shimfiɗa darduma.