Minti Biyar ɗin da Na Ɓatar a Riyad

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da wata abokiyar aikina, likitar yara kamar ni. Daga Kano muka yada zango a Jidda, la'asar ta riske mu a Riyad. Taron likitoci ne ya kai mu, kuma abu ɗaya muka je nema.

A bayan asibitinmu akwai unguwar da ta jingina da wani ƙaramin filin koyon tuƙin jirgi. Manyan jirage kananzir suke sha, amma ƙananan nan masu farfela har yau akwai dalma a cikin mansu. Hayaƙin yana sauka a tsakar gida, yara su shaƙa, kuma dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro gyara sai Allah. Mun gwada jinin wasu, abin da muka gani ya hana mu sukuni. Layi ɗaya muke so a saka a takardar bayan taro, wanda zai nemi gwamnatoci su sauya man, don da takardar za mu tunkari hukuma a gida. Abokiyar aikina ta so ta yi jawabin. Na ce a'a, ni ne babba.

A Malaz aka sauke mu, tsohuwar unguwa mai benaye da shaguna. Titunan garin faɗi gare su, kowa a mota, mai tafiya a ƙasa sai baƙo irina. Na ci kabsa, shinkafa ce da rabin kaza, a kan riyal ashirin. Na yi gangancin juya kuɗin zuwa naira, nan take kazar ta rage daɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne gaisuwarsu. Larabawa biyu za su riƙe hannun juna suna ta tambayar lafiya ba gajiya. Na ce a raina, ashe 'yan uwana na tarar.

Ranar jawabi, mai zuba mana gahawa ya ji muna Hausa, ya matso. Dattijo ne ɗan Maraɗi, ya daɗe yana aiki a zauren.

"Likita, kun taho lahiya? In ka hau can, kak ka tsaya gaisuwa. Nan ciki yalla yalla ne, komi da sauri. Hitilar gabanka na yin ja, mudir ɗin nan mai jan taron kashe abin magana yakai, halas, an gama."

Na yi masa godiya, maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Shekara nawa ina jawabi a gaban manya?

Minti biyar aka ba ni. Na yi sallama, na gaida shugaban taro, na gaida wakilan ministoci ɗaya bayan ɗaya, na gaida farfesoshi. Na gode wa masu masauki, na gode wa malaman da suka koyar da ni, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Na fara cewa, "A bayan asibitinmu akwai wata unguwa," sai fitila ta yi ja. Na ci gaba da motsa baki, amma ba mai ji na. Aka tafa mini sosai.

Washegari takarda ta fito. An ambaci dalmar fenti da ta batir, ba a ambaci jirgi ba. Na tare ɗaya daga cikin marubutanta, ya dafa kafaɗata ya ce ai sun ɗauka godiya na zo yi, ba su ji na nemi komai ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Abokiyar aikina ta ninke takardar ta saka a jaka, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na koyi cewa girmama manya yana da muhallinsa, kuma wanda aka aika ya fara isar da saƙo kafin ya tambayi lafiyar gida. Da na sani ƙeya ce.

Ran Litinin na koma asibiti. Mahaifiyar wata yarinya da muka gwada jininta tana zaune a bakin ofishina, 'yar na kwance a cinyarta.

"Likita, sannu da hanya. Me suka ce?"

Na buɗe baki zan tambaye ta mutanen gida, sai na fasa.

"Ba su ce komai ba, Hajiya," na ce. "Ban tambaye su ba."