Larabar Yaya Sale

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sale mai walda, wanda 'yan bindiga suka harbe a hanyar Randagi yana dawowa daga kai wa wani manomi garma. Ni ƙaninsa, malamin firamare da ko ƙusa ban iya bugawa daidai ba, ni aka bar wa kula da shagonsa a Birnin Gwari, inda matarsa da marayunsa ke samun abinci.

Yaya yana da wata al'ada da maƙwabta ke yi masa dariya a kanta. Duk Laraba, da an idar da azahar, sai ya ajiye aikin mutane, ya ce kowane ma'aikaci ya ƙera abin da ransa ke so da guntayen ƙarfe. Shi kuwa sai ya koma mai taya su: ya riƙe ƙarfe, ya miƙa guduma, ba ya gyara wa kowa sai an tambaye shi. Na sha tsokanarsa cewa ya buɗe makaranta ba allo ba albashi. Yakan ce, "Kai dai koma ajinka. So nake su koyi tunani, ba bin umarni kawai ba."

Gaskiya yawancin abin da aka ƙera shirme ne. An yi injin surfe da ya watsa masara har kan titi. Amma wani ma'aikacinsa Bulus, mutumin Randagi, ya dage kan wani amalanke mai katifa da babur zai ja, don ya taɓa ganin yadda ake ɗaure mai naƙuda a bayan babur.

Bayan rasuwar, manoma suka bar gonaki saboda 'yan bindiga, aiki ya ja baya, ma'aikata suka watse. Bulus kaɗai ya tsaya, ya riƙe shagon, ya ci gaba da Larabarsa ba mai riƙe masa ƙarfe. Bara amalanken ya kammalu, yanzu wasu a Kaduna suna so ya je ya riƙa ƙera musu.

Watan jiya ya same ni, ya durƙusa. "Malam, in ka ce in zauna, zan zauna. Na san in na tafi, shago ya tashi."

Na yi ta tambayar kaina me Yaya zai ce, shi da ya ba mutum lokaci har ya fi ƙarfin shagonsa. Na ji haushin Yaya, Allah Ya gafarta masa, sannan kewarsa ta kama ni har na yi hawaye. Na kai maganar wurin matarsa, tunda abincin 'ya'yanta ne. Ta ce, "Da yana raye, da kansa zai ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Ka sallame shi."

Ranar da Bulus ya tafi na sa wa shagon kwaɗo. Ƙofofin da Yaya ya ƙera a gari sun fara tsatsa. Abin da ya rage nasa mutum ɗaya ne, shi ma mu muka sa shi a mota da hannunmu. Allah Ya jiƙan Yaya.