Uwar Ƙuda da Takardar da ke Fayil ɗinta

Ƙarfe shida da rabi na safe take buɗe ɗakin gwaji. Kafin ta ajiye jaka sai ta bi kwalaben ƙuda ɗaya bayan ɗaya, ta duba waɗanda suka yi ƙwai, ta zuba musu abinci, ta kwashe matattu. Sannan ta zauna gaban madubin da ke ƙara girman abu, hantsaki a hannu, tana cire 'yan ƙahonnin da ke kan ƙudajen, waɗanda ba su kai kan allura ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Uwar Ƙuda muke ce mata, tun ana faɗa da tsokana har ya bi ta.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙuda da ƙahonnin nan yake shinshina. A cikinsu akwai ƙwayoyin da ke kama wari komai ƙanƙantarsa. Su muke ɗorawa a kan ɗan faranti kamar farce, idan wari ya taɓa su sai layi ya motsa a allon kwamfuta. Burinmu na'urar da za ta ji hatsi ya fara funfuna a sito tun ido bai gani ba, kafin a niƙa a ba mutane su ci.

Aikin yana da doka ɗaya: ba a shiga ɗakin da ƙamshi. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba man shafawa. Mu muna kiyayewa ranakun aiki, ita kuwa ta bari gaba ɗaya, don ta ce ƙamshi yana kwana a tufafi. Mijinta ya taɓa ce min yana dariya, “Ni dai na auri mace, na wayi gari ina zaune da ruwan famfo.”

Ranar Juma'a za ta yi ritaya, kuma raina a ɓace yake, don akwai wata takarda a fayil ɗinta da ke cewa ita mai sakaci ce. Idan aka rufe fayil ɗin ranar, haka za ta zauna har abada.

Ga yadda takardar ta shiga. Shekara tara da suka wuce masu tallafa wa binciken suka zo ganin na'urar. Farfesa, shugaban sashenmu, ya iso cikin sabon ɗinki, ƙamshinsa ya riga shi hawa bene. Uwar Ƙuda ta tare shi a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya don kada baƙi su ji.

“Ranka ya daɗe, akwai turare a jikinka.”

“Ni za ki shinshina?” in ji shi. “Matsa min.”

Ta matsa. Aka kunna na'ura, layi ya haye can sama ya ƙi saukowa. Aka kawo hatsi mai kyau, aka kawo ruɓaɓɓe, duk ɗaya. Na'urar ba ta lalace ba, aikinta take yi tsakani da Allah: Farfesa take ji. Baƙi suka kalli juna suka tafi. Washegari aka miƙa wa Uwar Ƙuda takardar tuhuma, wai ba ta shirya kayan gwaji yadda ya kamata ba, aka kuma cire sunanta daga jerin masu binciken.

Mu bakwai ne a ɗakin nan ban da su biyun, kuma dukanmu muna da hanci. Ba wanda ya ce uffan. Ni ina jiran Farfesa ya sa min hannu a takardar ƙarin karatu, sai na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Har yau idan na tuna sai in ji kunyar kaina ta kama ni.

Ke kuwa, Yaya Uwar Ƙuda, washegarin ma shida da rabi kika buɗe ɗaki. Ke ce kika gano sabulun goge ƙasa ne ke rikita mana sakamako duk ranar Litinin, bayan masu digiri sun yi wata uku suna zargin wayoyi. Ke ce kika ɗauki kwalabe arba'in a tasi kika kai ɗakinki lokacin da wuta ta yi mako ba ta dawo ba, kina yi musu fifita kamar masu jinya. Yau na'urar tana aiki, an liƙa allon yabo a bango mai suna goma sha ɗaya. Akwai sunan wanda bai taɓa riƙe hantsaki ba, akwai nawa, babu naki.

Makon jiya na same ta na ce, “Yaya, zan rubuta abin da ya faru ran nan.”

Ba ta ɗago daga madubi ba. “Yanzu?” ta ce. Ta cire wani ƙahon ta ajiye. “Jikokina sun fara iya karatu. Ba na son wata rana su ga kalmar nan kusa da sunana.”

Mun gode, Yaya, ko da yake godiyar ta makara, kuma ba ta isa ba. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi tsabtar hannunta, amma ku fi koyon tsayuwar da ta yi a bakin ƙofa, ita kaɗai, ta faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi.

Ku kuma shidan nan da muke tare a ɗakin ran nan, kun san kanku. Na rubuta shaidar na sa hannu, tana kan teburina da gurbin sa hannu shida a ƙasa. Ofishin ma'aikata yana rufe fayil ƙarfe huɗu ranar Juma'a. Wanda bai zo ba, kada ya tashi a wajen walimar ritayarta ya ce zai yi jawabi.