Ɗakin da Hajiya ta ba mu

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, na taɓa rasa wurin kwana a cikin garin Daura, garin da aka yanke mini cibiya. Ban cika ba da labarin nan ba, amma yau ya taso mini.

A lokacin ni dillalin dabbobi ne. Manyan riguna biyu gare ni, kullum cikin sitati, in na shiga kara ina baza hannu sai ka rantse ni ne mai shanun. Sai aka shiga wata shekara mai wuya. Gero ya yi tsada, dabba ta faɗi warwas, masu zuwa saye daga kudu suka ɗauke ƙafa. Sai in wuni ina zagaye in dawo gida hannu rabbana. Ana cikin haka damina ta yi nisa, aka kwana biyu ana ruwa, gidanmu na ƙasa ya jiƙe ya zauna. Allah ya kiyaye da hantsi ne, duk muna zaure muna karyawa, muka ji ɗakunanmu biyu sun rufta a bayanmu.

Mu shida ne: ni, mahaifiyata, matata da tsohon ciki, da yara uku. Dangi sun yi ƙoƙari, sai dai kowa na fama da tukunyarsa. Surukaina a Mashi suka ce a kai musu 'yarsu da ƙaramar yarinya. Kawuna a Dutsi ya ce zai riƙe mahaifiyata. Ƙanwata ta ce ta ɗauki manyan biyu. Kafin azahar an gama raba mu a baki kamar naman watanda. Wannan ya fi rushewar gidan ci mini rai, don na san in aka watse a irin wannan shekara, haɗuwa sai Allah.

Wani abokina ɗan acaɓa ne ya ja ni gefe, ya ce akwai wata Hajiya a bayan kasuwa, tsohuwar ungozoma, da mijinta ya rasu ya bar mata babban gida. Ta buɗe shi ga iyalan da suka rasa matsuguni. Na ce masa ni ba na zuwa gidan sadaka. Ashe mahaifiyata tana ji. Ta dubi rigata da ta sha laka, ta ce, "To, sai ka shimfiɗa mana girman naka mu kwana a kai."

Da la'asar muka isa, kayanmu a amalanke. Gida ne mai faɗi, ɗakuna a jere, igiyoyin shanya sun cika tsakar gida, mata na surfe, yara na ta guje-guje. Hajiya ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙaramar tsohuwa da ƙyar ta kai kafaɗata. Na gyara murya zan fara dogon bayanin da na shirya a hanya, ta ɗaga hannu.

"Ku nawa ne?"

"Mu shida, Hajiya."

Ta dubi cikin matata. "Bakwai dai. Kun ci abinci?"

Iyakar tambayarta ke nan. Na ji wata mata tana raɗa mata cewa ai ɗakuna sun cika, ta ce, "Akwai ɗaya." Aka kai mu wani ɗaki ciki da falo, da gadon ƙarfe da gidan sauro, bango ya sha jeren kwanonin kwalla. Ni da wautata na ce a raina, lallai an gane ni ba ƙaramin mutum ba ne.

Gidan yana da tsari. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, kowa ya ci daga ita. Hatsin kuwa manoma ne ke kawowa, wasu zakka, wasu don Allah kawai, su sauke a zaure su tafi. Mata suna soya gyaɗa suna ƙuli-ƙuli, a sayar a sayo kayan miya. Yaro ba ya fashin makaranta, ta boko ko ta Islamiyya. Namiji kuwa, rana ba ta fito masa a cikin gida. Kwana uku na yi ina zaman zaure ina jimami, a na huɗu Hajiya ta tsaya a kaina.

"Ɗan nan, an ce ka san dabba?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya."

"To akwai wani mai kiwon raguna yana neman mai share masa garke. Na ce masa kana tafe."

Haka na ninke babbar riga na kama kwasar kashin tumaki. Ranar farko har ɓoye fuska nake yi. Amma da yamma na shigo da ɗan abin da na samu na saya wa yara rake, na ga yadda suka rufe ni da murna, sai na ji kunyar ta ragu.

A gidan matata ta haihu, Hajiya da hannunta ta karɓi haihuwar. Ranar suna, matan da ba su da ko zanen canji suka haɗu suka yi mana waina.

Bayan suna da 'yan kwanaki, Hajiya ta ce ɗakin ajiyar hatsi yana yoyo, in duba rufin. Ɗan ƙuƙumin ɗaki ne kusa da madafa, ba taga. Na shiga don in ga inda ruwa ke sauka. A tsakanin buhunan gero da bango sai na ga tabarma a shimfiɗe, da dardumar salla, da carbi, da kwalbar man zafi. An ajiye kwano a gefen matashi yana tare ɗigon ruwa. Sai a lokacin na gane ɗakin wa muke kwana wata biyu.

Na same ta tana tsince wake, na durƙusa na ce, "Hajiya, a nan kike kwana?"

Ba ta ɗago ba. "Gyaran rufi na aike ka ko ƙidayar tabarmi?"

"Don Allah ki koma ɗakinki, mu mu dawo nan."

"Da mai jego da tsohuwa? Ni kaɗai ce, inda na miƙe ƙafa ya ishe ni. Kuma kada in ji ka gaya wa mahaifiyarka, za ta ƙi sakewa."

Na gyara rufin nan kamar ina gina masallaci. Da kaka ta yi, mazan gidan suka taya ni muka tada ɗakunanmu. Ranar da za mu tashi na ce mata to yau dai za ta koma gadonta. Ta ce in bar surutu in sa a share ɗakin da kyau, akwai masu zuwa da la'asar. Har Allah ya karɓi ranta ba ta koma ɗakin nan ba.

Na riƙe amanarta shekara da shekaru. Sai ranar da muka dawo daga jana'izarta na kasa, na zauna gaban mahaifiyata na gaya mata komai. Ta yi murmushi tana share hawaye.

"Kai sai da ka shiga gyaran rufi ka sani? Tun da na sa ƙafa na gane. Wa ke yi wa ɗakin baƙi jeren kwalla? Duk bayan azahar ni ke zuwa in shafa mata man zafi a gwiwa. Ita ta ce kada in gaya maka, wai zuciyarka ba za ta ɗauka ba."

Na ga masu kyauta da yawa a rayuwata, ni ma yanzu ina ɗan taɓawa, amma duk daga abin da ya yi saura muke bayarwa. Ita kuwa gadon da take kwana a kai ta bayar, sannan ta tsaya gadin mutuncinmu don kada mu ji nauyi. Yarana huɗu sun tashi ɗaki ɗaya, sun san juna, sun san kakarsu. Ba su san wadda ta kwana a bayan buhunan gero don hakan ya yiwu ba, sai yau da za su karanta wannan.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya yalwata mata kabarinta.