Shekarar da Ba Mu Yi Yaɓe Ba

Ni 'yar Dudunni ce ta ƙasar Kusada, aure ne ya kai ni Kankiya. Maigidana tela ne. Gidanmu na ƙasa ne kamar na kowa a unguwar: zaure a gaba inda yake ɗinki, ɗakina a ciki, sai 'yar rumfa inda nake matsar man gyaɗa ina soya ƙuli. Da kekensa da kaskona muke ci, da su muke tufatar da yaranmu, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san ba a gina shi a manta da shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa an bi bango an yaɓe, an toshe tsaga, an hau soro an gyara indararo. Wanda ya yi yaɓe ya kwana lafiya da damina. Wanda bai yi ba kuwa, ko yaro ya san inda zancensa zai ƙare. Maigida bai taɓa tsallake shekara ba, har tsokanarsa nake yi wai ya fi kula da bango a kan matarsa.

A shekarun nan ne aka ce ƙasarmu ta yi arzikin mai. Rediyo ba ta da zance sai na ayyuka. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, sun cika gari da sababbin babura, kowa na kawo yadi, keken maigida ba ya hutawa. Mun fito daga shekarun fari, muna ta roƙon ruwa, sai Allah Ya ba mu shi har ya yi yawa. Marka ta kama ta ƙi saki, ƙasa ta jiƙe sharkaf, gidaje suka yi ta zubewa a gari da ƙauyuka. Mu namu da sauƙi. Katangar gabas ta faɗi, kusurwar zaure ta zube, bangon ɗakina kuma ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga. Muka kafa zana muka suturta kanmu, muka ce in an gama kaka a yi gini.

Ana cikin girbi sai ga motar gwamnati a ƙofar gida. A cikin waɗanda suka sauko akwai wani matashi ɗan unguwarmu, wanda maigida ya ɗinka wa kayan makaranta tun yana firamare, yanzu ya zama ma'aikaci yana sa takalmi sau-ciki. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida maigida. Ina bayan zana ina jin komai.

Ya ce, "Baba, albishirinka. Gwamnati za ta taimaki duk wanda ruwa ya yi wa ɓarna. Siminti da kwano, kyauta. Ku masu sana'a ma ba a manta da ku ba, zauren nan shago za a mai da shi."

Maigida ya ce, "Kai ɗan nan, da gaske?"

"Wallahi Baba. Abu guda ne dai, kada ku taɓa komi. Masu dubawa za su zo daga baya, sai sun ga ɓarnar da idonsu."

Sai ya buɗe gwangwanin jan fenti, ya zana wani zagaye babba a bangon zaure, dab da inda ya zube. Ya ce wannan ce alamar gidan da za a taimaka, in ta goge shi ke nan, an wuce mu. Maigida ya tambaye shi batun yaɓe. Ya yi dariya ya ce, "Baba, in ka yi yaɓe ai ka rufe alamar. Kuma mi za ka yi da yaɓe bana? Bana siminti za ka sha."

Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi murna. Na kwanta ina jin ƙarar ruwa a kan kwano a cikin kaina, ina ganin yadda zan jera kwallayena a ɗakin da ba ya yoyo.

Labarin rushewar ya riga ya kai Dudunni. A wurinmu ba a barin 'yar gida a kango, kuma ba a jiran sai an roƙa. Ana gama kai amfani gida, sai ga yayana da mutanen gidanmu da sassafe, da jakuna ɗauke da azara, da magini, da fatanya. Gayya suka zo yi. Sun ce a kwana kaɗan za su buga tubali, kafin sanyi ya wuce an ta da katanga an rufe zaure. Na ɗora babbar tukunya, farin ciki kamar ya kashe ni.

Maigida ya fito ya gaishe su, ya shimfiɗa tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya nuna masu jan zagayen nan ya faɗi abin da aka ce.

Yaya ya dubi fentin ya dubi bangon, ya ce, "To, a bar wurin alamar, mu gyara sauran."

Maigida ya ce, "Yaya, cewa aka yi kada a taɓa komi."

"Wa ya ce?"

"Gwamnati."

"Gwamnatin ita za ta kwana cikin ɗakin ga? Malam, rani ba ya jiran kowa. Mun baro aikinmu mun taho."

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce su yi haƙuri. Ban taɓa ganin an mai da gayya ba sai ranar. Suka ci tuwon da na yi, don ba za su wulakanta ni ba, amma ba wanda ya ƙara. Suka sake ɗaure azarar a kan jakuna. Yaya ya leƙo ya ce mini, "Ƙanwata, Allah shi ba da sa'a." Ko sallama bai yi wa maigida ba. Na shiga ɗakina mai tsaga na yi kuka, da na fito kuma na faɗa wa maigida maganganun da har yau ba zan maimaita ba.

Daga nan muka shiga gadin fenti. Abin dariya ne yanzu, a lokacin kuwa haushi ne tsantsa. Maigida ya rataya tsohon zane a kan alamar don kada rana ta kodar da ita. In akuya ta zo za ta goga jikinta sai ya bar ɗinki ya bi ta da gudu. Yara suka daina wasa a wajen. Mutum mai hankali da natsuwa, wanda ake kawo wa shawara, ya koma bawan zagaye guda.

Sanyi ya wuce. Maƙwabtanmu da suka ce su ba su san wani zancen gwamnati ba suka buga tubalinsu, suka ta da bangonsu, suka yi yaɓe. Mu muna zaune. Masu kawo ɗinki suka fara ja da baya, don ba mai son ya bar sabon yadinsa a zauren da kusurwarsa ke buɗe. Ni ma iska na kwaso ƙasar bango tana zuba mini a ƙuli, har wata ta dawo mini da shi ta ce yashi take tauna.

Kwanon kuwa ya iso, ba a ɓoye ba. Mun ga manyan motoci sun shigo da shi yana walƙiya. Muka fara hango shi a kan rufin wasu gidaje, wasunsu ko tsaga ruwa bai yi masu ba. Akwai wani kafinta Kirista, mutumin kudu, da ya daɗe a garin yana sayen mai a wurina. Shi ake kira bugun kwanon. Wata rana ya tsaya a zaure ya ce da irin Hausarsa, "Maigida, ni ina buga kwano kullum, ban buga a gida mai fenti ba ko ɗaya. Ka gyara bango naka." Maigida ya yi masa godiya, bayan ya tafi ya ce ai kowa da layinsa, namu na zuwa.

Ba don wauta ya yi haka ba, don matashin nan ne. Ta ƙofarmu yake wucewa zuwa aiki. Kullum sai ya rage gudun babur ya ce, "Baba, ina kwana?" Maigida ya ce, "Lafiya lau, ya labarin namu?" Shi kuma ya ce, "Ana nan ana yi, Baba." Yaron da ka auna wa wando da hannunka, ka san uwarsa ka san ubansa, ta yaya za ka ce ƙarya yake yi maka?

Sai da bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sannan masu dubawa suka zo. Babbansu wani mai hular kwano ne da 'yar sanda a hannu, matashin na biye da shi. Maigida ya cire zanen da sauri ya nuna alamar, tana nan ja wur kamar ranar da aka yi ta. Mutumin ko kallonta bai yi ba. Ya soka sandarsa a bango, ƙasa ta zubo. Ya leƙa tsagar ɗakina, wadda yanzu kan yaro zai shige. Ya kaɗa kai ya ce, "Wannan bangon ba zai ɗauki kwano ba. Ana ba wanda gininsa ke tsaye ne. Me ya hana ku gyarawa duk tsawon ranin nan?"

Maigida ya juya ya dubi matashin. Ni kuwa na manta da kunya, na manta da baƙi, na ɗaga zana na fito.

Na ce wa matashin, "Kai, dube ni. Wa ya ce kada mu taɓa komi?"

Ya dubi takalminsa. "Inna, tsarin ne aka sake."

"Yaushe aka sake shi?"

Babban ne ya amsa, ba tare da ya san abin da yake tonawa ba, ya ce ai tun da sanyi aka sanar da duk ma'aikata su gaya wa mutane kowa ya gyara bangonsa.

Tun da sanyi. Lokacin da ƙasa ke nan, rana ke nan, hannuwa ke nan. Na ce, "Kullum kana wucewa kana gaishe shi. Mi ya hana ka faɗi?"

Ya ce, a hankali har da kyar na ji, "Kunya na ji, Inna. Ni na ce ma Baba kada shi yi yaɓe. Na ga ya mai da surukansa. Ban san da wane baki zan ce mashi maganar ta tashi ba. Na ɗauka zan samo maku ta wata hanya."

Na sha jin haushin gwamnati a rayuwata, amma gwamnati ba ta san ni ba, ban san ta ba. Wannan kuwa ya ci ƙulina yana yaro. Ya zaɓi ya tsare fuskarsa ya bar rufinmu, kuma ya kira abin ladabi. Wannan ne ya ci ni, har yau yana cina.

Suka shiga mota suka tafi. Ba a yi kwana nawa ba ruwan shuka ya sauka. Tubali ba ya bushewa da damina, kuma kowa ya tafi gona, ko kana da bakin kiran gayya ba wanda zai zo. Muka yi ta cusa tsumma da laka a tsaga, ruwa na wankewa. Wata la'asar aka yi ruwa mai iska, muka ji bangon zaure na ƙara. Muka kama keken ni da shi muka fito da shi tsakar gida, ko ajiyewa ba mu gama ba zauren ya zauna. Ɗakina ya bi shi kafin ruwan ya ɗauke. Allah Ya taimake mu, yara suna maƙwabta.

Maigida ya zagaya gari neman ɗakin haya, babu. Waɗanda ruwa ya kora da sababbin ma'aikata sun cike ko'ina. Wani ɗan'uwansa ya ba shi gefen rumfa a kasuwa ya kafa keke, nan zai iya kwana, amma ba da mace da yara ba. Sai maigida ya ce in shirya, Dudunni za mu. Na san abin da tafiyar nan take a wurinsa, don haka a hanya ban tayar masa da zancen gayyar da ya mayar ba.

Mun sami Yaya ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Maigida ya durƙusa zai fara bayani, Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Tashi, Malam. Ku taho." Ya kai mu bayan ɗakin matarsa. Ga wani sabon ɗaki, an yi masa yaɓe sumul, an yi daɓe, har da indararo, ba kowa a ciki.

Na ce, "Yaya, wannan na wa?"

Ya ce, "Naki ne. Da muka komo ranar nan ba mu kwance kayan aiki ba, nan muka buga tubalin."

Na shiga na ɗaga kai. Na gane azarar, don akwai wata mai karkata da na gani a kan jaki ranar da aka mai da su. Maigida ma ya gane ta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai ya ce wai rana na yi, zai koma kada a taɓa masa keke.

Ba mu sake zama a gidan Kankiya ba. Da kaka na je kwashe sauran tarkacena, na tarar ciyawa ta rufe tsakar gida. Guntun bango ɗaya ne ya rage a tsaye, ruwa ya cinye ƙasar da ke kewaye, amma fentin bai goge ba. Na ɗauki kaskona na fito.