Ƙurajen da Suka Raba Radiyya da Ƙunshi

Ranar da Hajja Meram ta fita takabar mijinta gidan ya cika da mata, kowa da addu'arta, amma Radiyya ce kaɗai ta lura da ƙafafunta. Dugadugan sun tsattsage da faso. Yarinyar ta tsallaka gidansu ta kwaɓo lalle, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar Hajja a cinyarta.

"Wa zan yi wa ado kuma, 'yar nan?"

"Ba ado ba ne, Hajja, magani ne. Miƙo ɗayar."

Radiyya 'yar Gashuwa ce. Ubanta Saleh masunci ne, ciwon ƙoda ya ɗauke shi kamar yadda ya ɗauki mutane da dama a garin, sai aka kawo ta Nguru wurin gwaggonta, katanga ɗaya da Hajja. A nan ta koyi ƙunshi, kuma Allah ya ba ta hannu. Akwai wani zane da take yi a bayan hannu mai kama da idon tarun babanta, har daga Machina ake kawo mata amare dominsa. Da shi take ci, da shi take aika wa uwarta.

Ƙurajen sun fito mata tun tana balaga. Kowa ya ce na ƙuruciya ne, za su wuce. Ta haura ashirin ba su wuce ba, sai ma suka koma manya masu zafi a haɓa da kumatu. Aka ce gyaɗa ce, ta bar ƙuli-ƙuli. Aka ce dauɗa ce, ta riƙa dirje fuskar da soso har sai ta yi jini. Daga baya wata ta kawo mata man haɗi daga kasuwa, a kwalba marar suna. Fuskar ta yi haske ta yi sumul, Radiyya har waƙa take yi tana shara. Hajja dai ta lura fatar ta yi siriri, jijiyoyi suna nunawa. Ba a daɗe ba ƙurajen suka dawo, sun fi na da.

Ana cikin haka wata amarya da ta yi wa ƙunshi ta tashi ranar ɗaurin aure da ƙurji a goshi. Uwar amaryar ta zo har ƙofar gida.

"Ki sunkuya kan 'yata wuni guda da wannan fuskar taki kamar bayan kada, ki shafa mata! Ba kya tsoron Allah?"

Maganar ta bi gidajen biki. Masu kunya suka ce sun fasa ƙunshin, marasa kunya suka aiko a ce ta zo idan ta warke.

Hajja ce ta raka ta asibiti a Gashuwa. Bayan likita ya duba ta, wata nas mai suna Bose, Bayarabiya da ta tsufa a garin, ta zaunar da su ta juya kwalbar a hannu.

"Ƙanwata, wa ya ce miki ana ɗauka? Ko kwano ɗaya kuke ci ba wanda zai ɗauka. Maiƙo ne jikinki yake yi da yawa, ya toshe ƙofofin fata, su kumbura. Jinin balaga ne da na al'ada ke tayar da shi, ba dauɗa ba. Ki bar dirza, ki bar matsa, su ke barin tabo. Wannan kwalbar kuma ki jefar. Ƙurajen za su ƙara fitowa idan kin daina shafa shi, kar ki tsorata. Ga na shafawa, ga ƙwaya, za ki yi watanni kina sha."

"Watanni? Anti, babana ƙwaya ya yi ta sha kafin ƙodarsa ta tsaya."

"Allah ya ji ƙansa. Amma likita ya auna kafin ya rubuta miki wannan. Irin haɗin da ke hannuna, wani ma shi ke taɓa ƙoda."

Radiyya ta jefar da kwalbar, tana shafa na asibiti, amma ƙwayar ta kasa haɗiye ta. Duk sanda ta ɗauka sai ta ga kumburarrun ƙafafun ubanta. Fuskar ta rikice kamar yadda Bose ta faɗa. Aka gama girbi, bukukuwa suka kankama, ita tana ɗaki da mayafi a fuska tana jin guɗa daga nesa. Hajja ba ta yi mata faɗa ba. Kullum da safe takan shiga da kunu ta zauna kusa da ita tana jan carbi, har ranar da Radiyya ta ce bismillah ta haɗiye.

Sannu a hankali ƙurajen suka kwanta, suka bar ramuka da baƙaƙen tabo. Ta sake jera kayan ƙunshinta a zaure. Mata sukan leƙo su ce masha Allah, an samu sauƙi, su wuce wurin wata. Damina ta zo ta tafi, ba amarya ko ɗaya. Uwarta ta aiko ta koma Gashuwa su riƙa bandar kifi tare, kuma can take har yau, hannun da ke zana idon taru ya yi baƙi da hayaƙi.

Ranar tafiyarta, kayanta a ɗaure, ta shigo wurin Hajja da sauran lallen da ya rage mata. Ta san Hajja ba ta ƙara yin ado ba tun rasuwar mijinta, ta kuma san akwai biki a unguwar ranar Juma'a. Ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Hajja, ki ba ni hannunki in zana miki. Ki je bikin nan da shi. Idan sun tambaya wa ya yi, ki faɗi sunana, ki ce na sunkuya a kanki tun safe. Sai ki bar su su kalli fuskarki da kyau."