Giyar lafiya lau take, ƙafata ce ta gaza

Wata bakwai ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na ajiye aiki, da masu cewa iska ta buge ni a hanyar Lugu, ku matso ku ji daga bakin mai abin.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Rabi mai allurar dabbobi. Shekara tara ina hawan babur daga Dogon Dutsi zuwa rugagen Ɗan Kassari, da akwatin magani a baya.

Da giyar babur abin ya fara. In na ɗaga ta da ƙafar hagu daga ta biyu zuwa ta uku, sai ta ƙi shiga, ta faɗa firi. Inji ya yi ta ihu, babur kuwa ba ya ja.

Sau uku na kai shi wurin Malam Hamidu bakanike. Ya canza mai, ya ja wayar kuloci, ya hau ya zaga kasuwa ya dawo. Ya ce, "Hajiya, moton ga lahiya lau shike. Ke dai ba ki kai giya ƙarshe."

A ofis sai na zama abin dariya, har wani ya ce dama babur mai giya ba na mata ba ne. Na ji haushi ƙwarai. Haushin nan ya hana ni lura cewa takalmina na hagu yana yawan zamewa, ciwon baya kuma ya fara sauka har cinya.

Ran wata Laraba ina hawan tudun yashi, giya ta sake faɗawa firi. Babur ya koma da baya, muka zube ni da shi da magani. Wasu makiyaya suka ɗaga ni. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma da na miƙe sai na ga ina jan ƙafa a ƙasa.

A asibiti likita ya ce in taka da dunduniya zuwa bakin ƙofa. Ƙafar dama ta ɗagu. Ta hagu ta kwanta kamar ba tawa ba.

Ya tura ni Yamai aka ɗauki hoton bayana. Wai wani abu tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zame ya danne jijiyar da ke ɗaga ƙafa. Likitan can bai ɓoye mini ba: "Madam, in kika ƙara jinkiri, haka za ki riƙa jan ta."

Na ji tsoro, har na yi kuka a banɗaki don kada mijina ya gani.

Inna ta so a fara kai ni wurin masu bori. Na ce ta bi ni da addu'a, amma ni aiki za a yi mini. Waken da muka noma da raguna biyu duk suka tafi a kuɗin aikin.

Bayan aiki sai motsa ƙafa, safe da yamma, da roba a ɗaure a yatsu. Sati biyar ina kallon babban yatsa ina ba shi umarni, yana kallona. A sati na shida ya motsa.

Shugabanmu ya zo dubiya da albishir, wai ya sama mini tebur a ofis, na huta da daji. Na gode masa, na ce ya ajiye wa mai so. Ban sha wuƙar likita don in zauna ina buga hatimi ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa mijina da ya koyi dama fura saboda ni, da Inna, da makiyayan da suka aiko mini da nono har gida.

Masu babur, ga abin da na koya. Ku saki mai, ku ja kuloci har ƙarshe, ku ɗaga giya da ƙarfi har ku ji ta zauna, kada ku shafa ta. In ta faɗa firi, ku ja kuloci ku ɗaga sama, kada ku danna ƙasa cikin ruɗewa. Ku bar tuƙi da silifas. In kuwa bakanike ya ce babur ba shi da laifi har sau biyu, ku gwada takawa da dunduniya, in ta ƙi ku nufi asibiti ran nan.

Ƙafar tana ɗan nauyi da yamma har yanzu, likita ya ce mai yiwuwa haka za ta zauna. Ta zauna ɗin. Ran Litinin shanun Ardo na jiran allura, kuma ni zan je.